Mota Ba Rufi: Tsakanin Torino da Tashar Gure

A watan Maris na 1966, a wajen baje kolin motoci na birnin Jeniba, kamfanin Alfa Romeo na Italiya ya fito da wata 'yar mota mai kujera biyu, mai kwanciya ƙasa-ƙasa, wadda rufinta tamfol ne da direba ke iya naɗewa baya da hannu ɗaya yana zaune a mazauninsa. Spider ake ce mata. Gidan zane na Pininfarina da ke Torino ne ya fitar da surarta, kuma ita ce mota ta ƙarshe da mai gidan, Battista Farina, ya sa wa ido kafin ya rasu a watan Afrilun shekarar. Da ta fito a fim ɗin The Graduate a 1967 sai Amurkawa suka yi mata ca, aka yi ta ƙera ta ana ɗan sauya mata hanci da wutsiya har 1993. Mutumin Gure da ya ji wannan labari yana iya cewa to mu ina ruwanmu, kuma da gaskiyarsa, domin in aka ce wannan mota ta kama hanyar Tasker, tudun rairayi na farko zai daki cikinta ta zauna. Sai dai akwai wata dangantaka da ba kowa ya sani ba. Gidan da ya zana ta shi ne ya zana Peugeot 404 da ta fito a 1960, da 504 da ta biyo ta a 1968, motocin da suka shafe shekaru suna jigilar mutanen Muniyo, wato yankin Gure, da tumakinsu da buhunan kanwa tsakanin Gure da Damagaram. Daɗin da Turawa ke zubar da dukiya suna nema a cikin tsohuwar Spider ba baƙo ba ne a wajen direbobin wannan yanki, kuma abin da ya kore shi daga hanyoyin Italiya shi ne ke korar sa daga tamu hanyar.

Mutane da yawa sun ɗauka daɗin nan gudu ne. Injin Spider ta farko bai kai lita biyu ba, ƙarfinsa doki 109, iyakar gudunta wajen kilomita 185 a awa. Kowace babbar mota mai baƙin gilashi da ke ratsa Gure a ayarin wani babba za ta wuce ta ta bar ta da ƙura. Abin da take da shi shi ne rashin nauyi, don da ƙyar ta kai tan ɗaya, da rashin shamaki tsakanin mai tuƙi da abin da yake tuƙawa. Sitiyarinta ba shi da na'urar sauƙaƙa juyi, saboda haka duk tsakuwar da tayar gaba ta taka sai tafin hannu ya samu labari. Giya biyar gare ta, sandar na nan dab da hannu. Kafireto biyu ne na Weber, in aka taka totur ana jin yadda suke zuƙar iska tun kafin motar ta zabura. A ɗauki hanyar da ke hawa dutsen Stelvio a arewacin Italiya, mai kwana 48 masu kaifi a ɓangare ɗaya kawai. Kafin kowace kwana direba zai ɗora ƙafa a birki, ya karkata gefen ƙafar ya ɗan taɓi totur, ya sauko daga giya ta uku zuwa ta biyu, ya karya sitiyari, ya ji nauyin motar ya koma kan tayoyin waje, sannan ya sake mata daidai lokacin da hancinta ya ga mafita. Da yake babu rufi, kukan salansa na dukan dutse ya dawo masa a kunne, sanyi na sauka a wuyansa da zarar ya shiga inuwar itatuwa, yana shaƙar ɗanyar ciyawar da aka yanka a gonar da bai ma hango ba tukuna. Duk wanda ya taɓa sukuwa a kan ingarma ya san wannan: linzami na hannu, amma da cinya da ƙugu ake jin abin da dokin ke shirin yi, kuma daɗin hawan yana cikin wannan fahimtar juna.

Amma mutum ba ya naɗe rufin motarsa haka kawai. Wanda ya yi haka amana ya bayar. Ya yarda hanya ba za ta watsa masa dutse a fuska ba, ya yarda mutanen da zai ratsa ba za su cuce shi ba, ya kuma yarda in injin ya ƙi a wani ƙauye akwai mai sifana da zai saurare shi ya gane ciwonsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da dillali ke haɗawa da makulli. Jama'a ce ke tanadar su, mai mota ya ci moriya. Shi ya sa irin waɗannan motoci suka bunƙasa a lokacin da suka bunƙasa. Italiya ta fito daga yaƙin duniya na biyu a ragargaje, cikin shekara ashirin ta miƙe. A 1956 aka fara babbar hanyar da ta haɗa Milan da Napoli, kilomita sama da 750, aka buɗe ta a 1964. Masana'antun Torino da Milan na ta ɗaukar ma'aikata, albashi na shigowa, kowane gari na da garejin da ya san kan kafireto. A shekarar da Alfa ta fito, Fiat ma ya fito da tasa, 124 Sport Spider, ita ma daga Pininfarina. Kada kuma a ce abin na masu hannu da shuni ne kaɗai, domin Fiat 500 ta 1957, motar talakan Italiya wadda da ƙyar take ɗaukar mutum huɗu, ita ma tamfol ne a kanta da ake naɗewa, tunda tamfol ya fi ƙarfe arha. Leburan masana'anta da ya kwashi iyalinsa ranar Lahadi zuwa bakin teku, iska ɗaya yake sha da mai Ferrari.

Gure ma ta ga irin wannan lokaci, ko da nata gajere ne kuma ba mai ƙyalli ba. Shekaru da dama hanyar gabas ta rairayi ce da gargada, sai Land Rover da manyan Berliet, da raƙumi wanda bai taɓa sauka daga aikinsa ba. Canjin ya zo a shekarun 1970, lokacin da aka shimfiɗa kwalta daga Gure zuwa Ngigmi da taimakon Kanada, fiye da kilomita 400 ta Gudumariya da Maine-Sorowa da Difa, aka kira ta Hanyar Haɗin Kai. Kwalta sabuwa fil, motoci ƙalilan, tsoron mai bindiga kuma bai shiga lissafin matafiyi ba. Motar zamanin, ko 404 a-kori-kura ce mai tamfol a baya ko doguwar 504 mai layin kujeru uku, ba ruwanta da na'urar sanyi, saboda haka gilashi a sauke yake, gwiwar hannun direba a waje. Yana jin ƙamshin ruwa tun hadari na nesa, yana sanin ya kusa kwari in iska ta sauya ta ɗauko laimar ƙasa da warin kanwa, yana rage gudu ya ɗaga wa makiyayi hannu ya tambaye shi labarin gaba. Daga 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, kayan gyaranta suka cika Kano suka malalo har Damagaram, ya zama da wuya a samu garin bakin kwalta da ba shi da wanda zai kwance injinta ya ɗaura. Direba a lokacin mutum ne mai daraja, ana ba shi saƙo da amana, yara na kwaikwayon yadda yake jan giya.

Wanda ke son ganin wannan ilimi da ransa har yanzu, ya bar kwalta ya dubi direban da ke ɗaukar 'yan kasuwa daga Gure zuwa arewa, wajen Kelle da duwatsun Kutus ko can Tasker. Da asuba yake tashi, don rairayi ya fi ɗaukar mota kafin rana ta gasa shi. Inda ƙasa mai tauri ta ƙare sai ya tsaya, yaron mota ya bi tayoyi huɗu yana danna bakin iska da tsinke, shi kuwa maigidan ba ya neman ma'auni, cikin tayar yake kallo har ya ga ta baje yadda yake so, ya ce ya isa. Yana bambanta rairayin da zai ɗauke shi da wanda zai haɗiye shi ta launinsa da yadda iska ta tsefe shi. Kafin ya fuskanci tudu ya riga ya zaɓi giya, don ya san wanda ya taka kuloci a tsakiyar hawa ya gama tafiya, sai a fito da farantan ƙarfe da shebur, fasinja su sauko turi. A kan gargada ya san akwai wani gudu da in aka kai shi motar ke daina karkarwa ta riƙa bi ta saman kunyoyin. Ƙasa da shi haƙora su kaɗu, sama da shi sitiyari ya zama na banza. Salkar ruwa na rataye a gefen bodi, iskar tafiya na sanyaya ta. Wannan mutum bai taɓa jin sunan Stelvio ba, amma abin da ke gudana tsakanin tafin hannunsa da tayar gaba shi ne dai abin da mai Spider ke biyan kuɗi ya ɗanɗana. Dubi fuskarsa a lokacin da motar ta haye tudun da kowa ya riƙe numfashi a kai, ba sai an gaya maka ko yana jin daɗin sana'arsa ba.

Za a ce wannan magana ta mai ƙoshi ce, kuma shi ne ƙorafi mafi nauyi. A Gure iska ba abin marmari ba ce. Wanda ke tafiya ba rufi a kansa shi ne talakan da ya hau kan lodi, ƙafafu na reto, fuska a naɗe da rawani, ranar bazara na cin ƙeyarsa ko hunturu na tsaga masa leɓe. Kujerar gaba ta fi tsada, kuma ba a taɓa ba wani ita ya ce a'a, shi ya fi son sama. Dole uwar na-ƙi. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya ce wa matar da ke rungume da jariri a kan buhunan hatsi ai tana shan iska, izgili ya yi mata. Sai dai ƙorafin ya haɗa mutum biyu da ya kamata a raba. Na kan lodi ba ya tuƙi, ba shi da ta cewa a kan gudu ko kwana, an ɗora shi ne tare da kaya. Daɗin da ake magana na mai riƙe da sitiyari ne, sharaɗinsa kuma mutum ya iya rufewa in ya ga dama. Tamfol ɗin Spider ai yana nan a naɗe a bayan kujera, ana jawo shi in ruwa ya sauko. Talaucin da ke ɗora mutane a kan lodi bai ƙaryata daɗin ba, ya dai nuna zaɓin bai kai ga kowa ba. Haka batun yanayi. Ba mai hankalin da zai buɗe kansa ga ranar Afrilu da tsaka a Gure, amma Italiya ma na da watannin ƙanƙara da ake kulle irin waɗannan motoci a gareji, Muniyo kuwa na da yammacin damina bayan an ɗauke ruwa, tuddai sun yi kore, ƙura ta kwanta, da safiyar kaka kafin hazo ya sauko.

Abin da ya fi yanayi rufe motoci shi ne tsoro, kuma a nan tarihin ƙasashen biyu ya yi kama ƙwarai. A al'adar Hausawa da Barebari girma abin gani ne. Sarkin Damagaram in ya yi hawan salla a fili yake, a kan doki, talaka na yi masa jinjina yana amsawa. Buɗaɗɗiyar mota ta gaji wannan ma'ana a duniya, shi ya sa masu mulki suka so ta. Har yau shugaban Italiya kan fita bikin ranar 2 ga Yuni a cikin Lancia Flaminia marar rufi da Pininfarina ya ƙera a 1961. Amma wannan ragowar biki ce kawai. A shekarun 1970 satar mutane don kuɗin fansa ta addabi Italiya har attajirai suka koma motocin da ba sa jan ido. A 1978 aka tare Aldo Moro, tsohon firaminista, a wani titin Roma, aka kashe masu tsaronsa biyar aka tafi da shi. A 1981 aka harbi Paparoma John Paul na biyu yana tsaye a cikin buɗaɗɗiyar Fiat a dandalin Vatican, daga nan aka fara kewaye shi da gilashin da harsashi ba ya hudawa. Namu ya zo daga baya. A Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar, har aka hana hawan babur. Gure ba ta cikin jihar Difa, amma hanyarta can ta nufa, kuma shingayen bincike da ayarin soja da lissafin kada dare ya riski mutum a wuri kaza duk sun shiga cikin tafiyar. Babban mutum na yau yana wucewa ne a doguwar mota, baƙin gilashi a ɗage, ba a san ko yana ciki ba, shi ma ba ya jin sallamar mai tallar dabino a bakin tasha. Ba a zargin wanda ya rufe kansa don tsira da rai. Abin lura shi ne, abin da aka fara don tsoro ya rikiɗe ya zama alamar girma, har saurayin da ba wanda ke nemansa da sharri yana liƙa wa tsohuwar motarsa baƙar leda a gilashi don a ce shi ma wani ne.

Masu lissafi ma na da tasu hujjar, kuma ba ta rainawa ba ce: tsofaffin motocin nan sun ci rayuka. Spider ta farko ba ta da ƙarfen da zai kare kai in ta kife, ɗaura bel kuma bai zama tilas a Italiya ba sai ƙarshen shekarun 1980. A 1972 mutum fiye da 11,000 suka mutu a hanyoyin ƙasar. A 'yan shekarun nan adadin na wajen 3,000, alhali motoci sun ninka. Italiyawa sun san haka tun ana tsakiyar shagali, domin tseren Mille Miglia da ake yi a kan titunan jama'a tun 1927 an soke shi a 1957, bayan tayar Ferrari ɗin Alfonso de Portago ta fashe motar ta afka cikin 'yan kallo, mutum 11 suka mutu har da yara biyar. A nan ma, duk tashar da aka zauna da tsofaffin direbobi za a ji sunayen abokan da 504 ta tafi da su. Wanda ya ce a koma waccan mota ɗungurungum bai yi wa marayu adalci ba. Amma a duba abin da ya rage mutuwar: bel ne, da birki mai kyau, da bodin da ke lanƙwashewa ya shanye duka, da hanya mai shinge, da hana tuƙi cikin maye, da asibiti a kusa. Toshe wa direba kunne ba ya cikinsu, a hanya irin tamu ma yana iya zama akasin haka. Motar yanzu an yi ta ne don kada na ciki ya ji gudu. Kilomita 140 a cikinta shiru ne, sanyi na busawa, kiɗa na tashi. Wanda iska ke mari a fuska kuwa ya san 80 ma gudu ne. A kan kwaltar da raƙumi ke tsallakawa ba sallama, da amalanken shanu ba fitila, da rairayin da ya kwanto rabin hanya bayan guguwa, direban da jikinsa ke gaya masa gaskiyar gudunsa ya fi zama alheri ga yaron da ke kora awaki a gefen titi.

Sai batun gyara, inda a ganina asarar ta fi zurfi, don ita ba a ganinta. Injin Alfa da na 404 duk injuna ne da kunne ke karantawa. Makaniki zai kafa sukundireba a jikin injin ya ɗora kunne a kan mariƙin ya faɗi inda ƙarar ke fitowa. Ya kwance kafireto ya wanke da fetur ya hure ramin da baki. Ya toshe tankin da ke yoyo da sabulu har a kai gari. Ya yanko tsohon tiyub ya ɗaure abin da ya saki. Direba ma rabin makaniki ne, domin da yaron mota ya fara, ya yi shekaru a ƙarƙashinta kafin a danƙa masa makulli. Wannan sani ke sa mutum ya shiga daji da kwanciyar rai, kuma yana cikin daɗin tuƙin kansa, don wanda ya san abin da kowace ƙara ke nufi ba ya gajiya da sauraron motarsa. Motocin da ke shigowa yanzu, akasari tsofaffin Turai, kwamfuta ke raba musu mai da wuta. In wata fitila ta kama a gaban direba, daga shi har makanikin bakin tasha sai kallo, sai an nemi mai na'urar jonawa a Damagaram ko Kano, maganin kuma yawanci a cire akwati a sa sabo. Za a ce ai ba su cika lalacewa ba, kuma mai kaɗan suke sha. Haka ne. Amma a lura da abin da mutanen daji suka zaɓa da kuɗinsu. Toyota Land Cruiser samfurin 70 ta fito tun 1984, har yau ana ƙera ta kusan yadda take, kuma wadda direbobin rairayi ke yabo ita ce mai tsohon injin gazuwal da ba ya jiran izinin kwamfuta. Mai kai kaya Tasker ba shi da lokacin begen jiya. Ya dai san motar da hannunsa ke iya tayarwa ita ke dawo da shi gida. Baturen da ke kashe Asabar ɗinsa yana daidaita kafireton tsohuwar Alfa da kunne, sha'awa ce ta kai shi inda larura ta ajiye wannan.

Ita kanta Italiya ba ta iya riƙe abin ba. An daina 124 Spider a 1985. Japanawa ne suka ɗauki darasin suka fito da Mazda MX-5 a 1989, da Fiat ya so farfaɗo da tsohon sunan a 2016 kuwa a Hiroshima aka haɗa masa ita, ba ta kuma jima ba aka daina. Tsofaffin sun koma kayan ajiya da gwanjo, abin da leburan Torino ke samu a da a ranar hutunsa, yanzu sai mai gareji na biyu.

Mu a nan daɗin ya sauka ne zuwa ƙafa biyu da uku, kuma ta wannan ƙofar ma da hannun Italiya. Vespa da kamfanin Piaggio ya fito da ita a 1946 ta zama abin hawan malamin makaranta da akawu a Kano da Katsina, don mai babbar riga na iya zama a kanta ƙafafu a haɗe, yana tafe yana amsa gaisuwa dama da hagu. Mai ƙafa uku ta kamfanin, Ape, ta fito a 1948. Bajaj na Indiya da lasisin Piaggio ya fara ƙera irinsu, daga nan kuma adaidaita-sahun da ta cika titunan Kano da Maraɗi da Damagaram ta samo asali. Saurayin Gure da ke kabu-kabu, ya ɗauki fasinja ya bi 'yar siririyar hanya zuwa wani kwari yana karkata jiki a rairayi, ƙafa ɗaya a shirye, ya fi mai baƙin gilashi sanin ƙasar da yake takawa nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya ga yadda suke dawowa daga rakiyar amarya ya san ba neman kuɗi kaɗai ke ɗora su a kai ba. Duk muhawarar da aka yi a kan Spider ta dawo kansa sabuwa: ba hular kwano, karaya ta yi yawa, hukuma na yi masa kallon zargi da zarar tsaro ya taɓarɓare, shi kansa burinsa ya tara kuɗi ya sayi mota mai rufi. Ba mai hana shi wannan buri. Amma in ana son ya rayu ya cika shi, sai jama'a ta biya nata kason na amanar, kamar yadda ta biya a Italiya: hular kwano mai arha da ba ta dafa kai a zafin bazara, koyar da tuƙi kafin a ba da makulli, kwashe rairayin da ke kwantowa kan Hanyar Haɗin Kai kafin ya zama tarko, cike ramuka tun suna ƙanana. Tun 2011 matatar SORAZ ke tace man Agadem a arewacin Damagaram, tankoki da tireloli na bin wannan kwalta da nauyinsu, don haka kuɗin gyaranta bai kamata ya zama abin roƙo ba. Hana babur irin wanda aka yi a Difa yana iya zama dole na ɗan lokaci, amma a yankin da babur ne motar asibiti kuma shi ne motar kasuwa, kowane wata na hanin ana biyan sa da marar lafiyar da bai isa wajen likita ba, da tumatirin kwari da ya ruɓe kafin ya ga mai saye.